Waƙar da Ba Ta da Ubangida

Da sanyin safiyar wata Asabar ta cikin hunturu, wani saurayi ɗan ƙasar Kusada ya bi sawun yara biyu ’yan Kerang, suka nufi ɗaya daga cikin tsaunukan da ke gefen garin. Aikin yi wa ƙasa hidima ne ya kai shi ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato, inda yake koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare. Ya yi mako guda yana zana wa ɗalibai hoton dutse mai aman wuta a jikin allo, da farin alli da ja, yana ambaton Italiya da Indunusiya, kafin wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai irinsa ne a bayan gidanmu.” Kunyar wannan magana ce ta tashe shi da asuba.

Kunnensa ne ya fara gane wurin kafin idonsa. Tsakuwar tsaunin baƙa ce, wata ta yi ja-ja, ba ta da nauyi, kuma duk jikinta huji ne. In an taka ta sai ta yi ƙara irin ta gawayi a cikin buhu. Ba ta riƙe ƙafa: mutum ya yi taku uku zuwa sama, sai ta zame da shi taku ɗaya zuwa ƙasa. Uku sama, ɗaya ƙasa, uku sama, ɗaya ƙasa, har numfashinsa ya bi wannan lissafi ba tare da ya sani ba. Yaran sun yi masa nisa suna dariya. Da ya kai ƙololuwa ya tarar da kan tsaunin a lotse kamar akushi, iska tana shafar bakinsa tana fitar da wani gunji mai kauri, irin wanda yaro ke samu in ya hura bakin kwalba. Can ƙasa ga gonakin dankalin turawa da karan masara, ga sauran tsaunukan a jere kamar tukwanen da aka wanke aka kife.

A hanyar saukowa ya ji kansa yana gunguni. Amo uku ne masu hawa, da na huɗu mai faɗowa, a bisa wata doguwar murya da ba ta motsi. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Ya ciro waya ya naɗe shi don kada ya manta, kuma wannan naɗi na daƙiƙa arba’in, da hakinsa a ciki, shi ne ya hana shi sakat shekaru da dama bayan haka.

Abin da ya hau a ranar jariri ne a lissafin masana duwatsu. Tsaunukan da suka jeru daga Panyam zuwa Kerang sun fito ne ta wata tsaga a ɓawon ƙasa, inda narkakken dutse ya sami kafa ya tumbatso, kuma shekarunsu ba su wuce ’yan miliyoyi kaɗan ba. Hujin da ke jikin tsakuwar sawun iska ce da ta tsere yayin da dutsen ke sandarewa, kamar hujin da ke jikin waina idan ƙullu ya tashi sosai. Tafkin Pidong da ke Ampang ruwa ne da ya taru a bakin irin wannan tsauni bayan wutarsa ta mutu. Tokar da suka amayar ce ta ba ƙasar yankin albarkar noma, kuma a Kerang ɗin ne ake ɗura ruwan SWAN da ake sha a ɗakunan taro.

Ƙasar su Kankiya da Kusada ba haka take ba. Shimfiɗaɗɗiya ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, sai dai nan da can a ga falalen dutse ya leƙo daga ƙarƙashin ƙasa, ko wasu manyan duwatsu sun hau kan juna, har a dangana da babban dutsen da garin Dutsin-ma ya ci sunansa. Waɗannan ba su taɓa aman wuta ba. A can cikin ƙasa suka narke, a can suka huce sannu a hankali, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ke kansu har suka bayyana. Saurayin ya san wannan a takarda tun yana jami’a. Bai taɓa haɗa shi da falalen da mahaifiyarsa ke shanya barkono a kai ba. Ya je Filato ya yi wa jariri kallon mamaki, alhali kakan kakansa yana kwance a bayan gari ana sussuka a gadon bayansa.

Da ya gama hidima ya sami koyarwa a Kankiya. A can, nesa da zauren mahaifinsa, ya sayi gurmi a wajen wani mai haɗa su, ya riƙa koyo da dare bayan ya rufe ƙofa. Ɓoyon yana da dalili. Mahaifinsa malamin allo ne, kuma a ƙasar Hausa kiɗa sana’a ce ta gado, mai gidajenta da matsayinta. Ana son makaɗi a wurin biki, ana yi masa kyauta, ana haddace waƙarsa, amma in ya aiko neman aure sai a fara duban juna. Ɗan malam da gurmi a hannu magana ce da za ta isa Kusada kafin motar kasuwa. Duk da haka ya ci gaba, har gungunin nan na Kerang ya zauna a kan tsirkiya biyu: ɗaya tana riƙe da muryar iska, ɗaya tana hawa uku tana faɗowa ɗaya.

Akwai wani tsohon makaɗin kalangu a bayan mahauta, wanda ƙarfinsa ya ja baya, yana zama a inuwar wata bishiyar darbejiya yana gyaran tsarkiyar kalangai na yaran da suka gaje shi. Wurinsa malamin ya kai abin da ya haɗa, wata ranar Lahadi da la’asar. Tsohon ya saurara da ido a rufe har aka gama.

“To, Malam, na ji. Da daɗi kuwa. Wa ka yi ma?”

“Baba, ba kowa. Wani dutse ne na hau.”

“Dutse.” Tsohon ya buɗe ido. “Shi zai ba ka riga?”

Malamin ya yi dariya, amma tsohon ba wasa yake yi ba, kuma tambayarsa ta fi ƙarfin raha. Ita ce tambayar da tsarin kiɗan Hausa gaba ɗaya yake yi wa kowane sabon amo. A wannan tsari kusan kowane kiɗa yana da mai shi. Kalangu na mahauta ne tun asali, gangar noma ta manoma, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki da algaita na sarauta, kotso da taushi na fada. Ɗan dambe yana da makaɗinsa, maharbi yana da nasa. Mutumin da ya isa yana da take, wato ɗan gajeren kiɗan da in an buga shi kowa ya san da wa ake, ko da ba a buɗe baki ba. Waƙa kuwa ciniki ce a fili, ba a ɓoye ta: makaɗi ya ɗaga sunanka, kai kuma ka ɗauki nauyin gidansa. Babu abin kunya a ciki. Da wannan ciniki aka samu Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, kuma duk wanda ya raina shi bai san abin da ya haifa ba.

Sai dai tsarin yana da abin da ba ya gani. Dutse ya cika waƙoƙin fada, amma a matsayin aro: sarki ne dutse, wanda ƙwai ba ya karo da shi, tsaunin da ba a ture shi, fa da ba ya huduwa. Ana ɗauko nauyin dutsen a jibga wa mutum, shi kuwa dutsen a bar shi a daji. Ko garuruwa, da ake yi musu kirari, sai an rataya su a wuyan wani: Kano ta Dabo ce, Katsina ta Dikko. Ibrahim Dabo ya rasu a 1846, Muhammadu Dikko a 1944, amma har gobe da sunansu ake kiran ƙasar da ta girme su da shekaru dubbai. Marubuta waƙa sun ɗan fi sakewa, shi ya sa aka sami irin Waƙar Damina ta Na’ibi Sulaimanu Wali, amma alƙalami ba ya bukatar ’yan amshi da za a ciyar. Makaɗi yana bukatarsu.

Ana yawan cewa Turawa sun fi mu kula da kyan ƙasa, shi ya sa suke da kiɗan teku da na tsauni. Wannan bayani ne na ragwanci. A watan Agusta na 1829 wani saurayi Bajamushe, Feliks Mendelson, ɗan shekara 20, ya je yawo tsibiran yammacin Sikotilan. A cikinsu akwai Stafa, tsibirin da narkakken dutse ya sandare ya tsattsage ya zama ginshiƙai, da wani kogo da teku ke shiga yana amsa kuwwa. Daga wannan tafiya ya haɗa kiɗan da har yau ake bugawa da sunan tsibiran. Abin dariya shi ne, farkon amon ya rubuta shi ne a wasiƙar da ya aika gida tun kafin ya ga kogon, kuma ranar da ya gan shi jirgin ruwa ya jijjiga shi har ya galabaita. Amma abin lura ya wuce nan: mahaifinsa mai banki ne. Bayan haka kuma, a Landan da Balin na wancan zamani akwai zaurukan da mutane ke sayen tikiti su zauna shiru su saurari amo, akwai kamfanonin da ke buga kiɗa a takarda su sayar. Dutsen Stafa bai ba Mendelson riga ba. Masu tikiti ne suka biya a madadinsa. Haka aka yi a Amurka bayan dutsen Sant Helens ya fashe ranar 18 ga Mayu, 1980, ya kashe mutum 57: Alan Hobanes ya haɗa masa dogon kiɗa ne bisa buƙatar kamfanin da ke buga ayyukansa. Bambancin da ke tsakani, in an bi diddigi, na wanda ke biya ne.

Maƙwabtanmu na arewa sun sami wata hanyar. Buzayen da fari da rikici suka kora daga ƙasarsu sun ɗauki jita suna yi wa hamada da duwatsu waƙar kewa, daga Tinariwen na Mali har zuwa su Bombino na Agadas. Su rabuwa ce ta mayar musu da ƙasa abin yi wa waƙa. Manomin Kusada bai rabu da tasa ba, a kanta yake kwana.

Da malamin ya kai wa tsohon wannan dogon bayani a wata Lahadin, amsa ɗaya ya samu: “Shata fa?”

Gaskiyarsa. Ba a maganar kiɗa a wannan yanki a tsallake Mamman Shata. A Musawa aka haife shi, maƙwabciyar Kankiya, kuma a shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Shi ma ba gadon kiɗa ya yi ba, kuma mahaifinsa bai so ba. Ya ɗauki kalangun mahauta ya kai shi gaban sarakuna, har Jami’ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Abin da tsohon yake nufi shi ne, Shata yakan yi wa duk abin da ya burge shi waƙa, har da kumbon Apollo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969, kuma babu wanda ya ji an ce ’yan sama jannati sun aiko masa da doki. Amma Shata ya yi haka ne bayan ya tara iyayen gida da suka ishe shi, kuma ya zo daidai lokacin da rediyo da faifai da kaset suka samar wa makaɗi wani sabon ubangida mai kai dubu, wato jama’a. Ta wannan ƙofa Ɗanmaraya Jos ya shigo da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa. Ƙofar a buɗe take tun tuni. Sai dai ko su, mutum da aikin mutum suke bi. Kumbo ma ƙirar mutum ce.

Abin da ya sauya wa malamin tunani bai fito daga makaɗa ba. Wani abokin aikinsa mai koyar da tarihi ne ya ce masa, in dai dutse da amo ne damuwarsa, ya je Birnin Kudu. Ya tafi a hutun ƙarshen zango, ta Kano da Wudil.

Birnin Kudu ta yi suna da zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsunta, a wurare irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa: shanu ne, ciki har da marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu. A 1955 Banad Fag, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos kuma ya bayyana wa duniya gumakan Nok, yana aikin nazarin waɗannan zane-zane sai ya lura da wasu ƙananan lotsa a gefen duwatsun kusa da su, masu santsi, waɗanda ba ruwa ne ya yi su ba. Da aka ƙwanƙwasa wurin da dutsen hannu sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Sawun duka ne na zuriya bayan zuriya. Ya buga rahotonsa a 1956, kuma daga nan aka yi ta samun irin waɗannan duwatsun kiɗa a sassan Nijeriya da dama, musamman a Filato da Bauci, da wasu ƙasashen Afirka. A wasu wuraren ana buga su a bukukuwan shigar yara cikin manya, a wasu don gargaɗin zuwan mahara, a wasu kuwa sun zama abin wasan yara. Matarsa, Katarin Fag, ta tattara abin da aka sani a kansu a wani littafi a 1997.

Yadda dutse ke yin ƙara ba asiri ba ne. Zafin rana da sanyin dare, da sauƙin nauyin da ke kansa bayan zaizaya, suna sa babban dutse ya riƙa ɓare ɓawo falle-falle. In fallen ya zamo mai tauri, ba tsaga a cikinsa, kuma ya faɗo ya zauna a kan ’yan wurare kaɗan, ƙarƙashinsa a buɗe, to duka zai sa shi rawa kamar fatar ganga. Gefe mai kauri yana ba da murya ƙasa, gefe mai sirantaka yana ba da ita sama. In kuwa ya kwanta a ƙasa gaba ɗaya, ƙasar takan shanye amon, ya zama kurma.

Akwai kuma abin da malamin labarin ƙasa ba zai kasa gani ba. Duwatsun Birnin Kudu suna cikin wani dogon jeri da ya taso tun daga Abzin, ya ratso Damagaram, ya shigo Dutse da Shira da Ningi da Riruwai, ya bi ta Jos, ya ƙare a Afu ta Jihar Nasarawa. Yawancinsu saiwoyin tsoffin duwatsu masu aman wuta ne: kan ya rufta, zaizaya ta share shi, aka bar abin da ya sandare a ƙarƙashi, sau da yawa a zagaye kamar zobe. Shekarunsu suna raguwa in ana gangarowa kudu. Na Abzin sun haura miliyan 400, na Dutse kimanin miliyan 213, na Afu kimanin miliyan 141. A cikinsu kuzar Jos da ta Riruwai take. Ke nan mutanen da suka zana shanun nan, ko waɗanda suka biyo bayansu, sun yi ta kiɗa a jikin gawar dutse mai aman wuta tun kafin a haifi kakannin Mendelson. Ba su yi wa dutsen waƙa ba, da shi suka yi ta.

Me ya sa aka manta? Wani ɓangare na amsar sananne ne. Tuddai a ƙasar Hausa mazaunin iskoki ne a tsohon imani: Dala da Barbushe da Tsumburbura, Kufena a Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara. Da Musulunci ya kafu, musamman bayan jihadin 1804, duk wani abu da ake yi a gindin dutse sai ya ɗauki warin tsafi, mutumin kirki ya nisance shi. Amma ba daidai ba ne a ɗora wa malamai laifin duka. Da hare-haren bayi suka ƙare, mutane sun sauko daga tuddai zuwa fili da bakin hanya, kuma kayan kiɗan da ba a iya ratayawa a kafaɗa a bi ubangida da shi ba shi da wuri a sana’ar roƙo. Kalangu yana zuwa gidan biki. Dutse sai dai biki ya zo masa.

Ya dawo gida da wata sabuwar ɗabi’a da ta sa aka fara yi masa kallon wanda karatu ya taɓa: duk falalen da ya gani sai ya tsaya da babur, ya ɗauki dutsen hannu ya bi gefe-gefe yana ƙwanƙwasawa. Wata biyu bai ji komai ba sai ƙaf-ƙaf. Wani yaro makiyayi ne, a wani daji tsakanin Kusada da titin Kano, ya gaji da kallonsa ya ce, “Kawu, in mai kuka kake nema, ba nan yake ba.” Ya kai shi bayan wasu duwatsu, inda wani falle mai tsawon tabarma ya jingina a kan ƙanana biyu. Yaron ya buga shi a wuri uku, ya ba da murya uku. Ya ce duk masu kiwo a wajen sun san shi, da shi suke kiran juna in rana ta yi.

Ba su kaɗai suka san wurin ba. Taku ɗari daga nan masu fasa dutse sun kafa sansani. Sukan tara itace da tsoffin tayoyi a kan fa su cinna wuta, zafi ya tsaga shi, maza su bi da manyan guduma, mata da yara su zauna su mayar da shi tsakuwa, tifa ta zo ta kwasa zuwa wuraren gini. Aiki ne mai cin ƙirji da ido, kuma masu yin sa ba su da wani. Duk wanda zai yi musu wa’azin kayan tarihi sai ya fara faɗa musu abin da za su ci da dare. Fallen da ya riga ya ɓare kuwa shi ne mafi sauƙin fasawa, don wuta ma ba ya bukata. Abin da ya sa yake kuka shi ne abin da zai sa a fara da shi.

Labari ya riga shi isa gida, kamar yadda ya zata. Wata Juma’a bayan sallar isha’i mahaifinsa ya sallami almajirai ya ce ya zauna.

“An ce ka koma makaɗi.”

“Allah gafarta Malam, ba roƙo nake yi ba.”

“Ban ce roƙo ba. Mu ji.”

Ya kunna wayar: gurmin, da muryoyin fallen guda uku a ƙarƙashinsa. Dattijon ya saurara yana jan carbi. Da aka gama ya yi shiru har ɗan ya fara neman takalminsa da ido. Sannan ya ce a cikin Alƙur’ani, a fiye da wuri ɗaya, an ambaci cewa an hore wa Annabi Dawuda duwatsu suna tasbihi tare da shi, da tsuntsaye, kuma shi tun yana yaro yakan yi tunanin yadda muryar dutse take. Ɗan ya ɗago kai. “Amma fa,” in ji dattijon, “Zabura yake karantawa. Ba gurmi gare shi ba.” Bai ce ya daina ba, bai ce ya ci gaba ba. Ya dai ce kada ya ji an kira sunan gidansu a lasifikar biki, kuma ya tambayi ko dajin da yake zuwa lafiya, don zamanin nan ba kowane daji ake shiga ba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya malamin ya goya tsohon makaɗin a babur. Tafiyar ta wahalar da shi, sai da ya huta a inuwa kafin ya matsa kusa da fallen. Ya ƙi dutsen hannun da aka miƙa masa, ya zaɓi nasa biyu, ya auna nauyinsu a tafin hannu. Ya buga nan, ya buga can, ya kasa kunne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya magana, kuma murya uku sun ishi gwani ya faɗi suna. Cikin minti biyar hannunsa ya faɗa wani kiɗa da malamin bai taɓa ji ba, gajere, mai maimaita kansa, kafaɗun tsohon suna motsi da shi.

“Baba, wannan fa?”

“Taken Sarkin Fawa ne, na da. Ubangidana. Shekara ashirin da rasuwarsa ban buga shi ba.” Ya goge ido da bakin riga. “Kai kuma shigo da naka.”

Suka yi ta har rana ta karkata: uku sama, ɗaya ƙasa daga Kerang, da sunan wani mahauci da ya daɗe a kabari, a kan dutsen da ya girmi su duka. A cikin naɗin ana jin gudumar masu fasa dutse daga nesa, ba ta bin kiɗan.

Kafin su tafi malamin ya nemi shugaban masu aikin. Suka yi ciniki a tsaye, kamar na rago. Mutumin ya kewaya fallen ya ƙiyasta tsakuwar da zai bayar, ya faɗi kuɗi, malamin ya taya, aka daidaita a kan abin da ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa na wata. Sharaɗin shi ne ba za a taɓa shi ba har faɗuwar ruwa. Bayan nan, in ji mutumin, ba shi da tabbacin shi ne zai kasance a wurin, kuma filin ma ba nasa ba ne. Malamin ya ba da rabi, ya ce sauran sai an yi albashi. Tsohon yana zaune a kan babur yana jira, da duwatsun hannun nan biyu a aljihun rigarsa.